Kifin Ado da Wutar NEPA: Wa Ke Yanke Wa Kifi Dare da Rana a Ƙofar Dumi?

Shawara ɗaya ake ba duk wanda ya sayi akwatin gilashi na kifin ado: ya kunna fitilar akwatin awa takwas, ya kashe ta sauran sa'o'in, kuma ya riƙa yin haka a lokaci guda kullum. Shawarar ba ta da aibu, illa dai an tsara ta ne a garuruwan da wutar lantarki ba ta yankewa. A Ƙofar Dumi da sauran unguwannin cikin garin Bauchi, ba mai gida ne ke yanke lokacin da fitila za ta kama ba. Sai a ɗauke wuta da hantsi, a wuni babu, a kawo ta ƙarfe biyun dare kowa na barci. In an manta makunnin fitilar a kunne, a wannan talatainin daren haske zai faɗo wa kifayen ba zato, su razana, su yi ta karo da gilashi. Wanda ya fi tsorata yakan yi tsalle, in akwatin ba shi da murfi a wayi gari a tsince shi a ƙasa.

Abin da ke hana wannan ɗan ƙaramin agogo ne da ake jonawa tsakanin soket da fitila. Yana sakin wuta a lokacin da aka saita masa, ya tare ta a sauran lokutan. Masu sayar da kayan wuta suna kiransa taima. Sai dai ba kowace taima ce ke jure wa garin da wuta ke zuwa tana tafiya ba, kuma wadda ta fi araha ita ce ta fi saurin rikicewa a nan. Kafin a kai ga zaɓi, sai an fahimci abin da kifi ke nema a wurin haske, da abin da yake nema a wurin duhu.

Falon cikin gari da ranar Bauchi

Ƙofar Dumi ɗaya ce daga ƙofofin ganuwar birnin da Malam Yakubu, wanda ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa a wajajen 1809. 'Yan'uwanta su ne irin su Ƙofar Wunti da Ƙofar Ran da Ƙofar Wambai da Ƙofar Nasarawa. A yau suna ne na unguwa mai cike da jama'a, gida jikin gida. Tsarin gidan cikin gari kuwa sananne ne: haske yana tsakar gida, tagogin ɗakuna ƙanana, labule a sauke saboda zafi da ƙura da kuma sutura. Akwatin kifin da aka ajiye a irin wannan falo, hasken da ke isa gare shi kaɗan ne.

Wasu sukan ga dabara ce a matsar da shi bakin taga. Ranar Bauchi ba ta raga wa ruwa kaɗan a cikin gilashi. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke kusantar digiri 40, akwati mai lita 60 da rana ke duka kai tsaye zai yi ɗumin da yawancin kifayen ado ba sa iya ɗauka, kuma cikin 'yan kwanaki ruwan ya koma kore shar. Mazaunin akwati shi ne inuwa, nesa da taga, fitila ta tsaya a madadin rana.

A nan Bauchi na da wata sa'a da mutanen Turai ba su da ita. Garin yana digiri 10 da ɗoriya arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka tsawon yini ba ya sauyawa sosai: kimanin awa 11 da rabi a Disamba, awa 12 da minti 40 a Yuni. A Landan kuwa yinin Disamba bai cika awa 8 ba, na Yuni ya haura awa 16. Mafi yawan kifayen ado, daga gupi da moli na nahiyar Amurka zuwa namu na kogunan Neja da Binuwai, 'yan yankin zafi ne, jikinsu ya saba da yini da dare masu kusan tsawo ɗaya. Mai akwati a Bauchi zai iya tsara jadawali ɗaya ya yi masa shekara, kuma hasken da ke ratsowa ta labule da safe ba zai saɓa masa ba.

To, me ya sa ake cewa awa takwas, ba sha biyu ba? A kogi, hasken rana ba ya ratsa ruwa da ƙarfi sai ta ɗaga sama. Da sassafe da yamma liƙis, da yawansa yana zamewa ta saman ruwa. Ga inuwar bishiyoyi, ga laka. Fitilar da ke zaune dab da saman ruwa mai garau kuwa, haskenta a tsaye yake daga kunnawa har kashewa. Awa takwas na irin wannan, haɗe da ɗan hasken ɗaki kafinsa da bayansa, ya isa cikakken yini.

Kifi ma yana barci

Yawancin kifaye ba su da fatar ido, shi ya sa ake ɗauka ba sa barci. Suna yi. Wanda ya leƙa akwati cikin dare zai ga wasu sun lafe a ƙasa, wasu sun tsaya cak a tsakanin ganye, launin jikinsu ya disashe. A 2019 masana a Jami'ar Stanford ta Amurka suka wallafa bincike a mujallar Nature, inda suka nuna ɗan kifin nan mai ratsi-ratsi da ake kira zebra yana da matakan barci masu kama da na ɗan'adam. Shekara biyu kafin nan, a 2017, an ba Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young kyautar Nobel ta fannin likitanci saboda gano yadda agogon cikin jikin halitta ke zagayawa a kan kusan awa 24.

A kan kifi akwai wani ɗan ƙullutu a saman ƙwaƙwalwa da ke jin haske kai tsaye. Da zarar duhu ya yi sai ya saki sinadarin melatonin, wanda ke sanar da jiki lokacin hutu ya zo. Cin abinci da girma da ajiye ƙwai duk suna bin wannan zagaye. Kifin da aka hana duhu, ko aka riƙa juya masa dare da rana, cikin takura yake zama. Yakan rage ci, ya yawaita ɓuya, cuta ta fi saurin kama shi.

Wasu daga namu na gida sun fi kowa son duhu. Ƙurungu, wanda wasu nau'o'insa ke iyo a rigingine, ɗan dare ne. Haka kifin nan mai doguwar haɓa da Turawa ke kira mai hancin giwa, wanda ake kamawa a kogunan Najeriya ana kaiwa shagunan kifin ado na Turai. Da dare yake kiwo, yana laluben hanya da 'yar wutar lantarkin da jikinsa ke fitarwa. Ga irin waɗannan, fitila mai ƙarfi dare da rana azaba ce tsantsa.

Gansakuka ba ta ɓoye laifi

A 1850 wani masanin sinadarai a Landan, Robert Warington, ya bayyana yadda ya ajiye kifayen gwal tare da tsiron ruwa a cikin gilashi na tsawon lokaci ba tare da sauya ruwa ba. Tsiro na ba kifi iskar oksijin, kifi na ba tsiro abin da yake rayuwa da shi. Da ruɓaɓɓen ganye da gansakuka suka nemi ɓata masa ruwa, sai ya zuba dodon-koɗi su cinye. Shekara uku bayan haka, a 1853, gidan namun daji na Landan ya buɗe wa jama'a ɗakin kallon kifi na farko. Tun wancan zamani abokiyar gabar mai akwati ba ta sauya ba.

Gansakuka abu biyu take so, haske da taki. Takin kuwa shi ne ragowar abincin da kifi bai ci ba da kashin da yake yi. Tsirran da aka shuka a akwati suna da iyakar abin da za su iya amfana da shi a rana. Duk sa'ar da aka ƙara a kan wannan, gansakuka aka yi wa hidima. Shi ya sa masu gogewa ke fara sabon akwati da awa shida kacal a watan farko, sannan su riƙa ƙara rabin awa duk mako har a kai takwas. Idan gilashi ya fara kore, a rage awa ɗaya, a rage abinci, a sauya rubu'in ruwan duk mako. Ruwan famfo na Bauchi, wanda ake tacewa daga madatsar Gubi, ana sa masa kulorin, don haka a bar shi ya kwana a buɗaɗɗen bokiti kafin a zuba wa kifi.

Zaɓin tsiro ma na rage wahala. Kainuwa dashen Allah, wadda ke yawo a kududdufai, tana yi wa kifi inuwa, saiwarta kuma na zuƙe takin da gansakuka ke kwaɗayi. A wanke ta sosai kafin a sa, kuma kada a bari ta rufe saman ruwa gaba ɗaya. Akwai kuma wani tsiro mai kaurin ganye da ya shahara a akwatunan duniya, Anubias barteri, wanda asalinsa rafukan kudu maso gabashin Najeriya da Kamaru ne. An sa masa sunan Charles Barter, mai tattara tsirrai da ya bi ayarin binciken da Baikie ya jagoranta a kogin Neja, ya rasu a 1859. Haske kaɗan ke isarsa, kuma 'yan kwanaki ba fitila ba sa kashe shi. Ga garin da ba a da tabbas da wuta, ya fi tsirrai masu jan ganye da ke neman haske mai ƙarfi kullum.

An yi alkawarin awa nawa, ba a faɗi ƙarfe nawa ba

Tun Nuwamban 2013 da aka miƙa rarraba wuta ga 'yan kasuwa, kamfanin JED na Jos ne ke kula da jihohin Bauchi da Gombe da Filato da Binuwai, ko da yake har yau bakin jama'a NEPA ya sani. Hukumar kula da harkar lantarki, NERC, ta kasa masu amfani da wuta gida biyar: rukunin A aƙalla awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit, daga baya aka ɗan sassauta.

Abin lura ga mai kifi shi ne, tsarin ya ƙidaya yawan sa'o'i, bai ce ga lokacin da za su faɗo ba. Awa 12 na iya zuwa daga safe zuwa dare, na iya zuwa daga dare zuwa safe, na iya zuwa gutsi-gutsi. Ga firji da cajin waya duk ɗaya ne. Ga halittar da agogon jikinta ke bin haske, ba ɗaya ba ne.

Sannan akwai ranakun da ba a lissafa da su. A Oktoban 2024, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, layin Ugwuaji zuwa Apir shi ma ya samu matsala, yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda cikin duhu. Janareta kuwa, tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, ya zama abin da ake tayarwa da lissafi, galibi daga magariba zuwa lokacin kwanciya. Duk tsarin da za a yi wa akwatin kifi a Ƙofar Dumi, dole ya yi la'akari da wannan.

Taima iri huɗu

Ta farko ita ce mai faifai. Faifan yana zagaye ɗaya a awa 24, gefensa akwai ƙananan haƙora, a yawancinsu kowane haƙori minti 15 ne. Sai a danne haƙoran sa'o'in da ake son wuta. Ba ta da wuyar saiti, ba ta da tsada, amma araha ba ta ado. Ɗan injin da ke juya faifan da wutar soket yake aiki, in an ɗauke wuta ya tsaya. A ce an saita ta ƙarfe 1 na rana zuwa 9 na dare, aka ɗauke wuta na awa shida ranar Litinin. Ranar Talata fitila za ta kama ƙarfe 7 na yamma, ta mutu ƙarfe 3 na dare. A ƙara wata awa shidan, ta koma ƙarfe 1 na dare zuwa 9 na safe. Cikin kwana biyu ta mayar wa kifi dare rana, mai gida na zaton komai na tafiya daidai.

Tana da wani rauni kuma. Saurin faifan ya dogara ne da kaɗawar wuta, wadda a Najeriya sau 50 ce a daƙiƙa. Ƙaramin janareta ba ya riƙe wannan adadi daidai, yana hawa yana sauka da nauyin da aka ɗora masa, sai agogon ya yi sauri ko ya yi nawa. Kayan gwanjo na Amurka kuwa an yi su ne don wuta mai bolt 120 da kaɗawa 60. A jona su kai tsaye a wutarmu mai bolt 230 su ƙone. Ko an sa abin rage ƙarfin wuta, irin wannan taima za ta riƙa makara da awa huɗu kullum.

Ta biyu ita ce mai allon lambobi, wadda ke da ɗan batir a ciki. In wuta ta tafi, agogonta na ci gaba da tafiya, saitin da aka yi bai goge ba. Ba za ta kawo haske in babu wuta ba, amma za ta hana shi shiga a lokacin da bai dace ba. A zamanin ganuwa, kowace ƙofa na da mai tsaronta, magariba ta yi a rufe, komai gaggawar baƙo sai gari ya waye. Aikin wannan taima ke nan: wutar ƙarfe biyun dare ta zo ta tarar da ƙofa a rufe. Wanda ya je sayenta, ko a shagunan kayan wuta na Wunti ko a Sabon Garin Kano, ya duba cewa an rubuta bolt 220 zuwa 240 a jikinta, kuma ƙafafunta uku ne masu kusurwa irin na soket ɗinmu. In ya kawo ta gida ya bar ta a jone ta yi caji, ya saita agogon, ya zare ta ta kwana. Idan da safe agogon na nan daidai, ta ci jarrabawa. Bayan doguwar ɗaukewar wuta a sake duba ta, don batirin yana da iyaka.

Ta uku ita ce wadda ake sarrafawa da wayar hannu ta intanet. Tana da daɗin amfani, amma wasu ba sa sanin lokaci sai sun haɗu da intanet, na'urar intanet ɗin gida kuma tare suke mutuwa da wuta. Wasu da zarar wuta ta dawo sai su kunna kansu, sai an shiga saiti an hana. A wannan layi akwai fitilun da ke zuwa da tasu taimar a jikin waya, masu maɓallin awa 6 ko 10 ko 12. Da yawa daga cikinsu ba agogo gare su ba, ƙidaya kawai suke yi daga lokacin da wuta ta shige su. In NEPA ta kawo wuta tsakar dare, daga nan suke fara lissafin safiya.

Ta huɗu ita ce mai aiki da bolt 12, wadda ake jonawa a batir ba a soket ba. Ita kaɗai ce ke iya cika alkawura biyu, haske a kan lokaci da duhu a kan lokaci, domin ba ruwanta da abin da ke faruwa a kan turken wuta. Gidan da ke da inbata mai aiki dare da rana ba ya bukatar wannan. Mai allon lambobi a soket ɗin inbata ta wadatar.

Lissafin batir da sola

Fitilar LED mai wat 10 ta ishi akwati mai lita 60 da tsirrai marasa neman haske da yawa. Awa takwas a rana, a wata tana cin yunit 2.4, wato naira 540 ko da a kan farashin 225. In an bar ta dare da rana, yunit 7.2. Bambancin bai taka kara ya karya ba, don haka ba domin rage kuɗin wuta ake sayen taima ba. Wanda ke amfani da tsohon ƙwai mai wat 60 ne ke asara biyu: yunit 14.4 a wata, kuma mafi yawan wutar zafi take komawa, tana dafa ruwan. Kifin gwal, wanda asalinsa ɗan ruwan sanyi ne, shi ya fi jin wannan a jikinsa.

Ga mai son tsarin batir, lissafin ba shi da wuya. Fitila mai wat 10 sau awa 8 ya ba da 80. Famfon iska mai wat 3 sau awa 24 ya ba da 72. Jimilla 152 a rana. A raba da bolt 12, ya kama kusan 13Ah. Tunda batirin dalma ba a so a zuƙe shi fiye da rabi, sai a nemi wanda aka rubuta 26Ah ko sama da haka a jikinsa. Farantin sola mai wat 50 zai cika shi a ranar Bauchi, muddin ana goge masa ƙurar hunturu. Ɗan batirin nan mai 7Ah da ake cirewa daga na'urar riƙe wutar kwamfuta ba zai ɗauki wannan nauyi ba. Iyakarsa fitila mai wat 5 ita kaɗai.

A kula da wani tarko. Na'urorin daidaita cajin sola da yawa suna da nasu saitin lokaci, amma irin na fitilun kan titi ne, wanda ke kunnawa in rana ta faɗi. Wannan akasin abin da kifi ke so ne. A sa taima ta daban a kan wayar fitila.

Abin da ba a jona wa taima

Kuskuren da ya fi kashe kifi shi ne a haɗa fitila da matatar ruwa da famfon iska a mahaɗa ɗaya, a jona duka a taima. Fitila kaɗai ake yi wa lokaci. Da rana tsirrai da gansakuka suna fitar da oksijin, da dare kuwa su ma shaƙarsa suke yi tare da kifi, shi ya sa iskar ruwa ta fi ƙaranci dab da asuba. Ruwa mai ɗumi kuma bai riƙe iska da yawa: lita ɗaya a digiri 20 na ɗaukar kimanin miligiram 9, a digiri 30 kimanin 7.5. A daren Afrilu, kashe famfon iska tare da fitila na nufin a tashi sallar asuba a tarar da kifaye a saman ruwa suna haki.

Matata ma gida ce ta ƙananan halittu masu amfani da ke narkar da gubar amoniya daga kashin kifi. Suna bukatar ruwa ya riƙa ratsa su. In batir ba zai ɗauki komai da komai ba, iska ce a gaba, matata na biye, fitila a ƙarshe.

Sai batun tsaro, musamman a gida mai yara. Soket da taima su kasance inda ruwa ba ya fantsama. Kowace waya da ta fito daga akwati a bar ta ta sauko ƙasa da soket kafin ta hau, don ɗigon da ya biyo ta ya zube ƙasa. A nan ma tsarin bolt 12 ya fi kwanciyar hankali.

Jadawalin da ya dace da gida

Kifi bai damu da ƙarfe nawa aka fara ba, in dai ba a sauyawa kuma dare na nan dare. Don haka a zaɓi lokacin da mutanen gida ke falo. Ƙarfe 1 na rana zuwa 9 na dare, wato daga azahar zuwa bayan isha'i, ya dace da yawancin gidaje. Da safe hasken ɗaki zai tashe su a hankali, fitila ta zo ta tarar da su a farke. Da dare a bar fitilar falo ta ɗan jima bayan ta akwati ta mutu, don duhu ya sauka mataki-mataki.

A lokacin bazara wasu sukan raba sa'o'in gida biyu, huɗu da safe, huɗu da yamma, a huta a tsakiyar rana lokacin da ɗaki ya fi zafi. Taima mai allon lambobi na karɓar irin wannan saiti cikin sauƙi. Da hunturu kuwa ba a barin fitila ta kwana a kunne da sunan ɗumama ruwa. Murfi da lulluɓa akwatin da bargo sun fi amfani.

Watan azumi na zuwa da nasa yanayi. Gida na raye har dare ya yi nisa, a sake tashi sahur a kunna fitilun falo. Haka daren da samari suka zauna kallon ƙwallo. Taima ba ta da iko da fitilar ɗaki ko hasken talabijin. Maganin wannan baƙin zane ne mai kauri da za a rufa wa akwatin da zarar fitilarsa ta mutu, a yaye da safe. Idan kuma aka yi tafiyar salla ta kwana biyu ko uku, manyan kifaye masu lafiya na jure rashin abinci na wannan ɗan lokaci. Abin da ke ɓata akwati shi ne fitilar da aka bari a kunne, ko abincin da aka jibga kafin a fita.

Masu tarwaɗa da masu kaji sun riga sun sani

Sarrafa haske ba baƙon ilimi ba ne a Bauchi. Masu ƙyanƙyasar tarwaɗa suna rufe tankunan 'ya'yan kifi ko su ajiye su a ɗaki mai duhu, saboda tarwaɗa 'yar dare ce, a duhu ta fi natsuwa da cin abinci, cizon juna kuma ya ragu. Masu kajin ƙwai sun san kaza na bukatar kimanin awa 16 na haske kafin ta yi ƙwai yadda ya kamata, don haka suke ƙara mata fitila bayan magariba. Ɗaya na neman duhu, ɗaya na neman haske, amma darasin guda ne: kowace dabba da nata ma'auni, kuma tsayuwa a kan lokaci ya fi yawan haske muhimmanci. Mai gyaran sola da ya taɓa haɗa wa gidan kaji fitila zai iya haɗa ta akwatin kifi cikin ɗan lokaci.

Malamai sukan ja hankali da hadisin matar da ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi na kanta ba. Wanda ya ɗauko kifi daga ruwa ya sa a gilashi ya ɗauki nauyin abincinsa da iskarsa, har da lokacin hutunsa.

Idan aljihu bai kai ga taima mai batir ba, akwai mafita da ba ta cin ko kwabo: a cire fitilar gaba ɗaya. Kifi ba ya bukatar fitila kafin ya rayu. Tsirrai da idon mai kallo ne ke bukatarta. A ajiye akwatin a ɗakin da hasken rana ke shiga ba tare da ya taɓa gilashin ba, a shuka tsiro mai jure inuwa ko a haƙura da tsiro, kuɗin fitilar a sayi famfon iska mai batir. Kifayen ba za su yi ƙyallin da ake gani a shago ba, amma za su fi daɗewa a raye fiye da waɗanda aka bar makunninsu a hannun NEPA.